Tirelar da ke Mutuwa a Zaure

Shekarar da aka yi wa Malam Ɗanjuma aikin ido, 'ya'yansa suka haɗa baki suka raba shi da tuƙi. Tun yana saurayi yake jan tirela, yana kwasar albasa da shinkafa da busasshen kifi daga Argungu zuwa Badun da Ikko, ya dawo da manja ko siminti. Idon ya gyaru, har yana iya zura zare a allura, amma likita ya ce hasken fitilun motoci a babbar hanya zai riƙa ɗauke masa gani. Ya yi gardama, ya yi fushi, daga baya ya miƙa makulli.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya gwada zuwa fadama duba shinkafar ƙaninsa, ya dawo yana cewa sauro ya yi yawa. Ya gwada zaman majalisa a ƙofar masallaci, ya tarar hirar duk ta siyasa ce. Sai ya koma gyaran abin da bai lalace ba. Ya kwance keken ɗinkin matarsa Hure ya shafe shi da mai, har zare ya riƙa fitowa baƙi. Ya sauya sakatar ɗakin girki, sabuwar ta ƙi rufuwa. Ranar da Hure ta same shi a tsugune yana jujjuya turminta, ta shiga ɗaki ta kira autarsu Salwa, wadda ke aure a Gwadangaji, tana kuma aikin kula da kwamfutoci a wani ofis a Birnin Kebbi.

"Ki zo ki san yadda za ki yi da babanki," in ji Hure. "Ya gama da keke, ya gama da ƙofa, yau turmi yake dubawa."

Salwa ta yi dariya, ta ce ta ji.

Wata Asabar sai ga ta ita da mijinta Abdulƙudus, bayan mota cike da kwalaye. Suka share zaure, suka sa tebur. Suka ajiye wani baƙin akwatin ƙarfe a ƙasa ya jingina da bango, suka ɗora allo mai faɗi a kan teburin, suka ɗaure sitiyari a bakinsa da kusoshi. A ƙasa suka shimfiɗa wani faranti mai totur da birki da kulos. Abdulƙudus ne ya harhaɗa kwamfutar da kayan kwance da ya riƙa tsinta a kasuwa.

"Baba, ga motarka," in ji Salwa.

Malam Ɗanjuma ya zagaya teburin yana dubawa. "Ina tayoyin?"

"Zauna dai ka gani."

Ya zauna. Allo ya kawo haske, sai ga shi a cikin kan tirela: madubi a hagu, madubi a dama, agogon gudu, titi a miƙe a gabansa. Ya ce wannan ai wasan yara ne. Duk da haka ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya leƙa madubi kafin ya taka totur. Sitiyarin ya yi masa sauƙi da yawa, kwanar farko ya tafi da turken fitila. Kwana ta biyu ya hau shingen wani gida. Hure tana bakin ƙofa tana dariya har da riƙe ciki. Kafin la'asar hannunsa ya faɗa, kuma da aka kira salla sai da ya nemi wuri mai kyau a gefen titi ya faka, ya ja birkin hannu, sannan ya tashi.

Daga ranar gidan ya samu lafiya. Kullum bayan azahar Malam Ɗanjuma zai ɗauki lodi. Titunan wasan na wasu ƙasashe ne masu nisa, sunayen garuruwan ma ba ya iya faɗa, don haka ya raɗa musu nasa. Garin farko Jega ne. Mai yawan kwana Kwantagora. Duk doguwar gada Jabba ce. Maƙwabta suka fara shigowa suna zama a tabarma a bayansa, masunta da manoman albasa, wasu sun girme shi. Idan ya zo wuce wata mota sai zauren ya yi tsit, idan ya wuce lafiya a yi ta yi masa sannu. Har akwai mai zuwa da gyaɗa yana cewa guzurin hanya ne.

Da damina ta yi nisa, aka yi bikin ɗiyar ƙanwar Hure a Gulma. Suka tafi, suka daɗe, don 'yan'uwa sun ƙi sakin su da wuri. Ranar da suka dawo, ko hutawa bai yi ba ya shiga zaure ya ɗauki lodin katako. Ya wuce Jega, ya wuce Kwantagora, yana shirin hawa gada, sai allon ya yi baƙi. Ƙarar injin ta ɗauke. Fitilar gaban akwatin ta mutu. Ya ɗaga kai ya dubi ƙwan lantarkin zauren, ga shi yana ci.

Ya danna makunni, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Sai da ya je ya sha ruwa ya dawo sannan kwamfutar ta tashi, amma lodin ya koma farkon hanya.

Washegari haka. Jibi ma haka. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, idan Hure ta zauna tana kallon wa'azi ko hotunan jikoki, kwamfutar za ta wuni lafiya lau. Shi kaɗai take yi wa. Maƙwabta suka fara tsokanarsa, wai ko mai ne ya ƙare. Ya kira Salwa.

"Motar ga tana mutuwa a hanya," ya ce. "Ba ta tari, ba ta hayaƙi, sai dai kawai ta ɗauke."

"Tana rubuta wani abu kafin ta mutu? Allon yana yin shuɗi?"

"Ba ta ko sallama."

Salwa ta ce mai yiwuwa wutar gari ce take rauni da rana. Ta sa shi ya cire waya daga bango ya mayar kan layin sola. Ya yi, ta mutu. Ta ce ya sauya soket, ya matse duk wayoyin da ke bayan akwatin. Ya yi, ta mutu. Abdulƙudus ya aiko da sitabilaiza ta hannun wani direban tasha. Aka jona, sitabilaizar ta yi ta ƙyafta fitilunta masu kyau, kwamfutar kuwa ta mutu a daidai inda ta saba.

"Zafi ne," in ji Malam Ɗanjuma ga matarsa. "Duk abin da zai mutu a kan gudu, in ya huta ya tashi, zafi ne ke damun shi."

Ya ɗauko fankar ɗakinsu ya tsayar a gaban akwatin. Ranar motar ta ɗan ƙara nisa, ya hau gadar har tsakiya kafin ta ɗauke. Wannan ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. Hure ta shigo ta tarar da shi riƙe da tawul yana ɗigar ruwa.

"Malam, ina za ka da wannan?"

"Zan lulluɓa mata ne."

"To bari in kira mai ita tukuna." Ta karɓe tawul ɗin da hannu ɗaya, ta danna waya da ɗayan. Muryar Salwa har tsakar gida ana jin ta tana roƙon kada a kusantar da ruwa, ta ce tana nan tafe ƙarshen mako.

Salwa ta zo da jakar kayan aikinta. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kwance murfin gefen akwatin da sukundireba, mahaifinta na tsugune kusa da ita. Injin casar shinkafa na bayan layinsu, ƙaiƙayi mai laushi ya shiga ya kwanta a kan komai. Ta nuna masa kayan ɗaya bayan ɗaya. Wannan ɗan murabba'in da ke ƙarƙashin fanka shi ne ƙwaƙwalwa. Wannan dogon mai fankoki biyu shi ke zana titi da motoci, shi ya sa wasa ke sa shi aiki fiye da kallon wa'azi. Waɗannan siraran kuma su ke riƙe abin da ake yi a lokacin.

"Wannan mai haƙora fa?"

"Shi ke janye zafi."

"Lagireto ke nan," ya ce, ya gyaɗa kai.

Ta share ƙaiƙayin da buroshi, ta hure sauran da bulowa. Ta cire fankar ƙwaƙwalwa, ta goge tsohon man da ke tsakani wanda ya bushe ya zama kamar alli, ta ɗiga sabo. Ta zare siraran ta goge bakinsu ta mayar. Suka mayar da akwatin mazauninsa jikin bango. Sannan ta buɗe wata manhaja da ke nuna zafin kayan a gefen allo, ta ce ya ɗauki lodi.

Ya tuƙa, ita tana kallon lambobi. Ƙwaƙwalwa lafiya, mai zana hoto lafiya, babu wanda ya kusa inda ake tsoro. Ta fara murmushi. Ya hau gada, ya sauka, maƙwabta biyu da suka leƙo suka fara yi masa barka. Yana shiga kwanar da ke gaba allon ya yi baƙi.

Salwa ta daɗe tana kallon allon.

"Baba, ka gani da idonka, babu zafi."

"Na gani."

"To mi ke nan?"

"Ni kike tambaya? Ni direba ne."

Suka dubi juna, sai dariya ta kama su duka biyun. Salwa ta ce abin ya wuce gyaran tsakar gida, ana bukatar wurin da ke da kayan musanya, a riƙa cire wannan ana sa wancan har a gano mai laifi. Akwai wata ƙawarta a Birnin Kebbi mai shagon gyara, sun yi makarantar koyon sana'a tare. Ta ce za ta tafi da akwatin. Malam Ɗanjuma ya ce bai taɓa barin motarsa ta je gareji ba shi ba, ba kuwa yanzu zai fara ba.

Ranar Litinin da safe ya sa babbar riga da hula, ya zauna a gaban mota, akwatin a kan cinyarsa naɗe da zanen Hure, sitiyari da farantin birki a baya. An yi ruwa da asuba, fadama ta cika ta yi kore shar har iyakar gani. Salwa ce ke tuƙi. Ya yi alkawarin ba zai ce komai ba, amma kafin su yi nisa ya gaya mata ta saki totur kafin kwana, ta ba mai babur wuri, ta daina riƙe sitiyari kamar za a ƙwace mata. Ta ce in ya ƙara magana za ta sauke shi ya hau bas da akwatinsa. Ya gyara riƙon akwatin, ya juya yana kallon fadama.

Shagon yana cikin wani layin shaguna kusa da kasuwa. Ƙarami ne, kantoci cike da kwamfutocin mutane, kowace da suna manne a jikinta. Mai shagon, Omolola, doguwa ce mai tabarau, ta taso da sauri ta durƙusa ta gaishe shi, ta karɓi akwatin daga hannunsa.

"Baba, sannu da hanya. Mi ya same ta?"

Ya ji Hausarta irin ta gida ce tsantsa. Ya zauna ya ba ta labari daga farko. Ba ta katse shi ba, sai da ya gama ta yi tambaya.

"Yaushe ta fara?"

"Tun ranar da munka dawo biki daga Gulma."

"Kafin nan ba ta taɓa yi ba?"

"Ko sau ɗaya."

"Da kunka tafi, a kunne kunka bar ta?"

"A kashe. Zauren ma a rufe, taga kaɗai munka bari don iska."

Salwa ta lissafa mata abin da ta riga ta gwada. Omolola ta ce ita ma da haka za ta fara. Ta jona komai a kan teburinta, ta ɗaure sitiyarin, ta buɗe inda kwamfuta ke ajiye tarihin abin da ya same ta. Babu wani kuskure da ya gabaci mutuwar, abin da ke rubuce kawai shi ne wuta ta yanke ba shiri.

"Ba manhaja ba ce," ta ce. "Wani abu ne ke yanke mata wuta daga ciki. Sai na gan ta tana yi. Baba, ko za ka ja mu?"

Bai jira a sake faɗa ba. Ya naɗe hannun riga ya zauna. Omolola tana tsaye a gefensa tana jira, sai ya tambaye ta, idonsa na kan titi.

"Ke ɗiyar wa ce? Wannan Hausar taki ba a kasuwa anka koye ta ba."

"Nan anka haife ni, Baba, bayan tsohuwar tasha. Babana bakanike ne, manyan motoci yake gyarawa da."

"Wane ne a cikinsu? Babu bakaniken tsohuwar tasha da ban sani ba."

"Olumide."

Ƙafarsa ta sauka daga kan totur. Ya kunna sigina, ya gangara gefen titi ya tsaya, sannan ya juyo.

"Olumide gajere, mai tabo a goshi? Wanda ba ya cin albasa?"

Omolola ta cire tabarau. "Shi ne."

"Ai an ce mini ya koma Ogbomosho da daɗewa."

"Ya koma. Da mamarmu ta rasu na je na ɗauko shi. Yana gidana, nan kusa."

Malam Ɗanjuma ya yi wa mamaciyar addu'a. Ya ce wa Salwa wannan mutumin shi ya riƙe masa mota shekara da shekaru, idan tafiya mai nisa ce ma tare suke yi, kuma ranar sunanta shi ya kawo kujerun da baƙi suka zauna. Tun da ya koma kudu suka rabu, lokacin babu waya a hannun kowa. Salwa da Omolola suka dubi juna. Duk zamansu a makaranta ba su taɓa zancen sana'ar iyayensu ba.

Omolola ta fita waje da waya. Da ta dawo ta ce, "Na ce mishi ya zo akwai motar da ta gagare ni. Ban faɗi ko ta wa ce ba. Baba, ci gaba da tuƙi."

Ya ci gaba, amma rabin hankalinsa yana ƙofa. Masu shagunan kusa suka ji ƙarar inji suka fara leƙowa. Can sai Keke Napep ya tsaya a waje, wani tsoho gajere ya sauko da sanda, ya ratsa mutane ya shigo yana tambayar 'yarsa da Yarbanci ina motar. Ta nuna masa bayan mai tuƙi. Tsohon ya tsaya. Ya ga yadda mutumin ke karkata kafaɗa kafin ya sauya giya, yadda yake leƙa madubi sau biyu.

"Wa ya ba wannan mutumin mota?" ya ce da Hausa. "Wannan ai shi ke cinye kulos kamar tuwo."

Malam Ɗanjuma ya saki sitiyarin ya miƙe. Tirelar ta bi ta cikin gonar wasu, ba wanda ya kula. Suka rungume juna, suka saki, suka dubi furfurar juna, suka sake rungumewa. Olumide yana dariya hawaye na bin kumatunsa.

"Direba, kana da rai."

"Ina nan, Injiniya. Kai ne ka ɓace."

Aka kawo benci, aka aika a sayo lemo. Suka shiga tambayar mutane: wane yana nan? Ya rasu. Wane fa? Yana Kamba, ya zama mai gidan mai. Olumide ya ba 'yan matan labarin ranar da bel ɗin fanka ya tsinke musu a dajin Makwa ana ruwa, suka murɗa igiyar buhunan albasa suka ɗaura, ta kai su har gari. Malam Ɗanjuma ya ce ba ta kai su ba, tura motar suka yi da taimakon wasu Fulani. Olumide ya ce wannan wata tafiyar ce daban. Suka yi ta musu, kowa yana rantsuwa.

Omolola ta bar su sai da suka lafa, sannan ta tuna musu aikin da ya tara su. Malam Ɗanjuma ya koma kujera, ya fitar da tirelar daga gona, Olumide ya ja benci ya zauna daf da shi. Suka yi tafiya mai ɗan nisa, sai allon ya yi baƙi.

Nan take Omolola ta zura hannu bayan akwatin, wajen da wayar wuta ke shiga. Ta janye da sauri tana yarfa yatsu.

"Salwa, taɓa nan."

Salwa ta taɓa. Ƙarfen ya yi zafi kamar murfin tukunya.

"Fawa-fak ne," in ji Omolola. Ta juya ga tsofaffin ta yi musu bayani. Wannan ƙaramin akwatin da ke cikin babban shi ke karɓar wutar bango ya raba wa kowa. Yana da fankarsa a ciki. Tun ɗazu ta lura babu iskar da ke fita ta ragarsa. Idan ana aiki mai sauƙi ba ya jin komai, amma wasa yana jan wuta da yawa, sai ya yi zafi, ya kashe kansa don kada ya ƙone. Manhajar da ke nuna zafi kuma ba ta ganin cikinsa.

"A gidanmu bayan akwatin na jikin bango," in ji Salwa. "Ko sau ɗaya ban sa hannu wurin ba."

"Ni ma na gane ne don teburina a tsakiyar ɗaki yake," in ji Omolola.

"To ashe zafin ne," in ji Malam Ɗanjuma.

"Zafin ne, Baba. Amma tawul ɗin ruwa dai ba shi ne maganin ba."

Omolola ta ce kada su yi saurin yanke hukunci. Ta ɗauko wani fawa-fak mai lafiya daga kanta, ta cire nasu ta jona shi, ta ce a sake ɗaukar lodi. Su suna tafiya, ita ta koma ƙarshen tebur da tsohon fawa-fak ɗin. Ta gargaɗe su cewa wannan ba abin buɗewa a gida ba ne, yana riƙe wuta a cikinsa ko bayan an zare shi daga bango. Ta sauke wutar da kayan aikinta, ta kwance kusoshi, ta ɗaga murfin. Ta leƙa ciki. Sai ta fara dariya a hankali, ta yafito Salwa da hannu.

A tsakanin fukafukan fankar da jikin ƙarfe akwai ginin laka, ɗakuna a jere kamar ƙananan tuluna, an shafe bakin kowanne da kyau. Laka ta bushe ta riƙe fankar gam.

"Zanzaro," in ji Salwa.

Aka kawo wa tsofaffin su gani. Malam Ɗanjuma ya tsayar da mota, ya karɓa ya kai kusa da idonsa. Lakar bakin kogi ce, irin ta bayan gidansu. Wato lokacin da suke Gulma suna cin shinkafar biki, zanzaro ya shigo ta taga, ya samu wuri mai duhu babu mai damun sa, ya yi ta jigilar laka ta ramukan raga har ya gama gininsa.

"Ka ga aiki," in ji Olumide yana shafa ginin da yatsa. "Ko magini ba zai yi shafe haka ba."

"Ni ina ta zargin wutar gari," in ji Salwa.

"Ni kuwa har na fara tunanin ko hannuna ne ya lalace," in ji mahaifinta.

Aka fita da abin waje masu shaguna suka yi ta kallo, wani ya ɗauki hoto. Omolola ta ce fankar ta riga ta ƙone, kuma kayan ciki sun sha zafi sau da yawa, ba za ta yarda a mayar da shi ba. Ta ɗaure sabon a mazauninsa. Ta yanko ragar sauro ta manna a kan ramukan baya, ta ce a janye akwatin daga jikin bango, a ɗora shi a kan benci, kuma duk lokacin da za a yi tafiya a lulluɓe shi da zane.

Sauran gwaji. Malam Ɗanjuma ya ɗauki lodi mafi tsawo da ya samu. Ya wuce garinsa na farko, ya wuce mai kwanoni, ya haye gada, ya shiga ƙasar da bai taɓa kaiwa ba tun dawowarsu daga biki. Ruwa ya sauko a cikin wasan, ya kunna waifa. Omolola tana sa hannu a baya lokaci-lokaci, iska mai ɗumi tana fita yadda ya kamata. Da ya shiga harabar da zai sauke kaya, ya juya tirelar da baya a hankali, Olumide ya miƙe tsaye yana ba shi hannu.

"Zo, zo. Karya hagu. Ya isa."

"Ina gani a madubi."

"Da ma haka kake cewa."

Ta shiga daidai. Mutanen da ke ƙofa suka tafa.

Da la'asar aka naɗe akwatin a zane. Malam Ɗanjuma ya ce ba zai koma Argungu shi kaɗai ba, Hure ba za ta yarda da labarin nan ba sai ta gani da idonta. Olumide ya ce bai zo da kaya ba. Omolola ta ce gida ba nisa, a tsaya a ɗauka, har da maganinsa na hawan jini. Salwa ta kira mahaifiyarta ta ce a ƙara tuwo, a nemo kifi mai kyau a bakin kogi, akwai baƙo.

"Wane baƙo?"

"Baba ya ce kada in faɗa."

Wannan karon tsofaffin biyu suka zauna a baya, akwatin a tsakaninsu. Rana ta yi sanyi, shanu na komawa gida ta gefen titi. Olumide yana ta kallon taga yana tambayar ina itacen kaza, yaushe aka yi wannan ginin. Da suka hango fadamar Argungu, ya taɓa akwatin da sandarsa.

"Direba, wannan abin, mutum irina zai iya koya?"

"Ka taɓa tuƙi?"

"Daga gareji zuwa bakin titi."

"To gobe da safe za mu fara. Amma ba da lodi ba."

"Don mi?"

"Sai na ga yadda kake kwana tukuna."

Olumide ya ce ya yarda. Salwa ta rage gudu, ta karya kan mota ta shiga layinsu.